Ranar da Aka Zagi Kebba a Bakin Gona

Akwai wani mutum mai suna Kebba Sanyang, ɗan ƙasar Gambiya, da ke zaune a wani ƙauyen manoman shinkafa a Ibaraki ta ƙasar Japan. Baƙi ne wuluk, dogo, mai faɗin kafaɗa, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗaki. Aikinsa kwance tsofaffin motoci a wani gareji. Matarsa Chizuru 'yar ƙauyen ce, kuma a gidan iyayenta suke zaune, gidan Iizuka.

Shekara da shekaru yana ƙauyen nan, ba wanda ya taɓa zaginsa. Ku riƙe wannan da kyau, don a nan ciwon yake.

In ya ci abinci da tsinke biyu irin nasu, sai a tafa masa kamar yaron da ya fara tafiya. In ya yi gaisuwa da yarensu, sai a ce kai, ya iya magana. A jirgin ƙasa kuwa kujerar gefensa ba ta samun mai zama, ko da mutane na tsaye har bakin ƙofa. Kowa murmushi, kowa rusunawa, amma ba mai neman shawararsa, ba mai roƙonsa ya kama masa ko da buhu ɗaya.

Shi ma ya yi nasa kuskuren. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta kawo musu kokwamba uku daga lambunta, shi kuwa da Sallar Layya ta zo ya kai mata cinyar rago guda. Tsohuwa ta rasa inda za ta sa kanta, ta je ta sayo kankana mai tsada a cikin kwali ta kawo. Kebba ya ga abin ya zama zumunci, ya ƙara mata da tukunyar miyar gyaɗa. Daga nan kokwamba ta daina zuwa gidan.

Chizuru ta ce masa, "Kai fa kana ɗaure mutane ne. A nan in an ba ka abu, ƙasa da shi kake mayarwa. In ka zarce, ka ɗora wa mutum nauyin da ba zai iya saukewa ba."

Ya ce, "To ni a garinmu wanda ya mayar da ƙasa da abin da aka ba shi, marowaci ake ce masa."

"A nan kuma wanda ya zarce, mai nuna isa ake ce masa."

Haka sunan ya bi shi. Mai nuna isa, amma a bayan idonsa.

Ana nan sai surukinsa ya rasu, ya bar gonar shinkafa ɗaya da ya gada daga kakanni. Bayan an gama zaman makoki, Tatsuo, wan Chizuru da ke aiki a Tokyo, ya tara su a kan tabarma.

Ya ce, "Mama, mu daina yaudarar kanmu. Ni ba zan dawo in yi noma ba. Akwai masu son filin su shimfiɗa farantan sola. A ba su kowa ya huta."

Kebba ya ce, "Ni zan noma ta."

Tatsuo ya yi murmushin nan nasu mai sanyi, ya kira shi da "san" ɗin da suke liƙa wa suna don girmamawa. "Kebba-san, muna godiya da kyakkyawar zuciyarka. Amma noman shinkafa ba kwance taya ba ne."

Haruyo, mahaifiyar su Chizuru, ba mai yawan magana ba ce. Ta ajiye kofin shayinta ta dubi surukin nata.

"Gonar tamu ce, amma ruwan na ƙauye ne. Ba mai noma a nan shi kaɗai. In ƙungiyar ruwa ta karɓe ka a matsayin namijin gidan nan, kuma ka dasa ta bana, gona ta zauna. In lokacin dashe ya wuce tana nan fayau, Tatsuo ya kira mutanensa."

Shugaban ƙungiyar ruwan wani tsoho ne ana ce masa Numajiri. Gajere ne, bayansa ya ranƙwafa, bakinsa kuwa ba linzami. Yakan zagi tsofaffi sa'anninsa a kan ciyawa ɗaya da suka bari a bakin gona. Amma in ya ga Kebba sai ya cire hula ya ce, "Kebba-san, ina kwana, yau ma ana fama."

Kafin a saki ruwa, kowane gida kan turo namiji ɗaya a yashe magudanar da ke shayar da gonakin. Ranar Kebba ya riga kowa zuwa, da sabon takalmin roba da shebur a kafaɗa.

Numajiri ya rarraba aiki. Wane nan, wane can. Da ya zo kan Kebba sai ya sassauta murya.

"Kebba-san, kai ka riƙe mana butar shayi. Lakar nan tana da wari, za ta ɓata maka kaya."

"Numajiri-san, don lakar na zo."

"A'a, a'a, zuwanka ma ya isa. Mun gode ƙwarai."

Sai ga ƙato mai iya ɗaga injin mota yana tsaye da butar shayi, tsofaffi masu ciwon baya suna nishi a cikin rami. Da aka tashi, kowa ya zo ya rusuna masa yana cewa ya sha aiki. Da sun mare shi da ya fi masa sauƙi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ba abokinsa Saiku labari. Ɗan ƙasarsu ne, gareji ɗaya suke aiki, kuma bakinsa ba ya shiru.

Saiku ya yi dariya har da buga cinya. "Yaya, ka ba ni kunya. A gida shinkafa aikin mata ne. Ka ƙetaro duniya ka zo kana roƙo a ba ka aikin innarka, an kuma hana ka!"

"Shinkafar innar tawa ce ta yi maka wannan tumbin, mara kunya."

"Na yarda. Amma ka ji gaskiya. Ko ka shekara ɗari a ƙauyen nan, in sun dube ka fatarka za su fara gani. Bar musu lakarsu. A sa sola, ka zo mu haɗa kwantenar kayan mota mu tura gida Banjul."

Kebba ya juya ɗan kofin shayinsa. Maganar ta taɓa shi, don ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Akwai ranakun da yakan dawo gida ya zauna a mota ya kasa fita, ya gaji da zama abin kallo.

Can ya ce, "Saiku, Wanda ya zuba min wannan launin bai yi kuskure ba, kuma bai nemi shawarar Numajiri ba. Ni ba tafi nake nema ba. Marigayi surukina ya ba ni 'yarsa lokacin da danginsa suka ƙi zuwa bikin. Ba zan zuba ido a rufe gonarsa da ƙarfe ba."

"To in sun ƙi ka fa?"

"Su ƙi ni ina aiki, ba ina riƙe da buta ba."

Daga ranar ya daina jiran a ba shi. A can ƙarshen magudanar akwai wani yanki da ke gaban gidan da ba kowa a ciki, masu shi sun mutu, 'ya'yansu sun koma birni. Ba mai yashe shi sosai. Kullum in ya idar da sallar Asuba sai ya sa takalminsa ya je ya yi ta kwasar laka kafin lokacin gareji. A bayan gida kuma shi da Haruyo suna renon irin dashe a cikin farantai, kore shar, abin sha'awa.

Aka saki ruwa. Masu injin dashe suka fara dasa gonakinsu, Numajiri ne kan gaba kamar kullum.

A nan ne ƙarfi ya yi wa Kebba illa. Ya tarar da wani tarin duwatsu da laka a tsakiyar magudanar, a wata kwana kusa da gonar Numajiri. Ya ce a ransa wannan ne ke tare ruwa. Ya sa hannu ya kwashe su tas, ya ƙara zurfafa wurin, ya tafi aiki yana jin daɗi.

Ashe da gangan aka jera duwatsun, tun zamanin kakanni, don su karya ƙarfin ruwan a wannan kwanar. Kafin azahar ruwa ya cinye bangon lakar da ke kare gonar Numajiri. Ya ɓalle ya shiga, ya kwashe sabon dashen gefe guda ya watsar.

Da yamma Kebba na dawowa ya tarar da tsohon a ƙofar gida, laka har gwiwa. Yau ba a cire hula ba.

"Kai! Wa ya aike ka? Wa ya ce ka taɓa? Ƙaton banza, kai kamar tulu ba komai a ciki! Ba ka da bakin tambaya ne?"

Maƙwabta suka leƙo ta tagogi. Kebba ya ji jini ya hau masa kai. Duk abin da ya haɗiye na shekaru ya taso masa. Ya so ya ce da kun ba ni aiki tun farko da na san duwatsun. Ya so ya ce da wani ne ba baƙi ba, da ba a tara masa jama'a ba.

Amma ya tsaya ya auna. Duwatsun nan shi ya kwashe su. Ba fatarsa ce ta kwashe su ba, hannunsa ne.

Ya ce, "Ni ne na yi. Ban tambaya ba."

Tsohon ya tofar da yawu a gefe ya juya ya tafi.

A cikin gida Haruyo ta ce, "Gobe za ka je ka ba da haƙuri. Ka riƙe kwalin alewa, ƙarami fa. Ka durƙusa a gabansa ka kai goshinka ƙasa. Laifi irin wannan ba a wanke shi a tsaye."

Kebba ya ce, "Mama, zan je. Zan durƙusa. Amma goshina ba zai taɓa ƙasa ba."

Chizuru ta ce, "Don Allah, sau ɗaya ne kawai. Dama ana cewa kana da girman kai. In ka ƙi, shi ke nan, gonar Baba ta tafi."

"Na sani."

"Ka sani kuma kake wannan taurin kan?"

"Chizuru, sau biyar a rana kina ganin inda nake kai goshin nan. Ba nawa ba ne da zan ba wani."

Ta yi kuka, ta yi fushi, amma da safe ta sa kayanta ta bi shi.

Numajiri na zaune a kan tabarma, hannu a harɗe. Kebba ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya durƙusa, ya tura kwalin gaba da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Ya tsaya a nan. Tsohon na jiran sauran.

Kebba ya ce, "Numajiri-san, na ɓata maka gona da jahilcina, ina neman afuwa. Na san yadda ake ba da haƙuri a nan. Ba raini ne ya hana ni ba. Goshina na Ubangijina ne, ko mahaifina bai taɓa samunsa ba. Amma hannuwana da bayana naka ne har sai gonarka ta koma yadda take. Irin dashen da ke bayan gidanmu ma naka ne."

Chizuru ta ɗago kai da sauri. Wannan bai faɗa mata ba.

Numajiri ya ce, "In ka ba ni irinka, me za ka dasa a taku gonar?"

"Abin da ya rage."

"Ba abin da zai rage, sakarai. Ka san ɓarnar da ka yi kuwa?"

"To ba komai ke nan."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, kallon da bai taɓa yi masa ba, ido cikin ido. Sannan ya ce, "Tashi ka daina murƙushe min tabarma. Shebur na bayan ɗaki."

Kebba ya ɗauki hutu a gareji. Saiku ya bugo waya yana cewa, "Yaya, an ce yanzu bauta kake yi kyauta, har da kai musu iri. Sannu, surukin gari!" Kebba ya ce masa in ya gama surutu ya zo ya ga yadda maza ke gyara abin da suka ɓata.

Aikin ba na wasa ba ne. Inji ba ya shiga wurin da ruwa ya yi wa rami, sai da hannu. Ya ɗauko duwatsun ɗaya bayan ɗaya, Numajiri na tsaye a kansa kamar mai gadin fursuna.

"Ba nan ba! Makaho ne kai? Faɗin ya kalli ruwa!"

"Haka?"

"Haka aka ce maka? Kakata da ta mutu ta fi ka iya riƙe shebur."

Da aka zo dashe, abin ya fi muni. Ya cusa da zurfi, a zage shi. Ya sa sama-sama, a zage shi. Bayansa ya riƙe, tsutsar ruwa mai shan jini ta kama shi a ƙafa. In lokacin sallah ya yi sai ya wanke laka a bakin magudana, ya shimfiɗa buhu a kan hanya ya yi sallarsa. Ranar farko tsohon ya yi tsaki. Daga baya shi ne ke duban rana ya ce, "Je ka yi abinka ka dawo, kada ka ce ni na hana ka."

Sauran manoma na wucewa a 'yan fararen motocinsu, suna rage gudu, suna kallo. 

Gonar Numajiri ta koma daidai. Farantan bayan gidan Iizuka kuwa suka ƙare ƙaf. Kowace gona a ƙauyen ta yi kore, sai tasu ce kaɗai ruwa da laka, tana kallon sama.

Ranar Lahadi da safe Tatsuo ya iso daga Tokyo, tare da wani mutum mai kwat da igiyar awo. Suka tsaya a bakin gonar. Haruyo da Chizuru suka fito. Kebba na nan tsaye, hannuwansa duk sun tsattsage.

Tatsuo ya ce, "Kebba-san, ka yi ƙoƙari, kowa ya gani. Amma magana magana ce. Ga gona nan ba ko tsinke."

Kebba ya ce, "Haka ne. Ba ni da ta cewa."

Zuciyarsa na ciwo, amma bai sunkuyar da kai ba. A ransa yana cewa, ya Allah, Ka ga abin da na yi da abin da na ƙi yi. In gonar ba rabona ba ce, na yarda.

Mai kwat ya fara warware igiyarsa. Sai aka ji hon a bayansu, mai tsawo, na rashin haƙuri.

Numajiri ne a kan injin dashensa. A bayansa motocin manoma a jere, kowace da farantan iri a baya, wannan biyu, wancan uku. Ragowar da kowane manomi kan ajiye a kusurwar gonarsa ne don cike gurbi. Tsohon ya bi gida gida ya tattaro su.

"Tatsuo! Kawar da motarka daga hanya, ba titin Tokyo ba ne nan."

Tatsuo ya rusuna. "Numajiri-san, ai an riga an yi magana a gida. Gonar ba a dasa ta ba."

"Rana ta faɗi ne? Wa ya ce maka an gama dashe? Ni ke cewa an gama a ƙauyen nan, kuma ban ce ba."

Ya juya kan Kebba, wanda ya daskare a tsaye.

"Kai kuma ƙaton banza, tsayawa za ka yi kamar turken lantarki? Sauke farantan! Gonar gidanku ce ko tawa? Kuma ka ji, daga bana kwanar can ta ƙasa kai ne mai kula da ita. Ka sake taɓa dutse ɗaya ba ka tambaye ni ba, sai na karya maka ƙafa."

Wani tsoho daga cikin mota ya ce, "Sai ka nemo tsani tukuna, Numajiri, ko gwiwarsa ba ka kai ba!"

Dariya ta ɓarke. Kebba ya ji ana dariyar da shi a ciki, ba a kansa ba. Ya cusa ƙafa cikin laka ya nufi motar farko, wani ya ɗora masa faranti uku a hannu ba ko sannu.

Tatsuo ya matso kusa da uwarsa ya rage murya. "Mama, kina jin irin cin mutuncin da ake masa? Wannan ne karɓar?"

Haruyo ba ta ɗauke ido daga gonar ba.

"Haka ya yi ta zagin ubanku har ya mutu, kuma shi ya fi kowa kuka a jana'izarsa. Numajiri ba ya zagin baƙo. Sallami mutumin nan, ka cire takalmin nan naka ka je ka kama wa ƙaninka."

Darasi: Ɗan'uwana baƙar fata, duk inda kake a duniya, ana yi maka kallon da bai dace da kai ba, ana raina ka da baki ko da murmushi, ka ji ni da kyau. Allah bai yi kuskure da Ya halicce ka haka ba, kuma darajarka ba a hannun masu kallonka take ba. Kada ka sayar da imaninka don a karɓe ka. Kada kuma ka ɓoye a bayan fatarka ranar da laifin naka ne, ka amsa shi a tsaye ka gyara da hannunka. Namijin da ya riƙe waɗannan biyun, ko mutane sun makara wajen gane shi, Ubangijinsa bai makara ba. Ku tura wa wani namijin da kuka san ya gaji yana shiru, ɗa ne, miji ne ko ƙani, ya san ana ganinsa.